Ƙundun Kazar Lahadi

Lahadi da dare, Mahuta

Na tsani Kawu Ishaya. Ba ma kawuna ba ne na jini. Baba ne ya koya masa tuƙin jirgin sama, a gidan nan yake cin tuwo lokacin da ko takalmin kirki ba shi da shi. Daga baya ya koma babban kamfani. Yanzu kamfaninsu ya haɗiye na su Baba, kuma ƙungiyar matuƙansu ta nace wai duk wanda ya fito daga ƙaramin kamfani sai ya koma bayan layi kamar sabon ɗauka. In hakan ta tabbata, Baba zai sauka daga kujerar kyaftin, ya zauna a gefen yaron da ya koya wa tuƙi yana karɓar umarni.

Yau bayan coci Kawu Ishaya ya zo gidanmu, shi ne wakilin ƙungiyarsu a tattaunawar da ake yi da su Baba. Mama ta yanka kaza, ta raɗa mini in sa masa ƙundu ko zai sassauta. Kowa ya san ƙundu na babba ne. Amma a kwanon Baba na sa.

Kawu Ishaya ya leƙa, ya yi dariya. "Rifkatu, ke ma kin shiga yuniyon ɗin babanki ne?"

Na kasa ɗaga kai. Baba ya ɗauki ƙundun da cokali, ya ajiye a kwanon Kawu, ya ce, "Ci, Kyaftin."

Ya cinye kuwa, har da neman ƙarin yaji. Ban san wanda na fi jin haushinsa ba, shi ko Baba.