Sunan da Mama Ta Riƙe

Askrigg, Yorkshire
Watan Oktoba

Zuwa ga ƙanena Desmond,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Noreen da 'yan matanku. Allah ya ƙara muku lafiya da kwanciyar hankali a can Perth. Yaya tarin Noreen, ya sake ta kuwa? Mu nan muna lafiya, sai ruwan sama da ya ƙi ɗaukewa. Keith yana fama da tumaki da ciwon bayansa, ya kuma ƙi zuwa asibiti, ka dai san taurin kan mijin nan nawa. Goggo Muriel, 'yar'uwar Mama, an yi mata aikin gwiwa, ƙafa ta ƙi tafiya amma bakin nan yana nan daram. Baba kuma ga shi nan dai. Kullum ina kai masa abinci, kullum ina dawowa da rabi.

To, ka san ba labarin tumaki ya zaunar da ni rubutu ba. Ranar Lahadi da Baba ya gaya maka sunan da yake so a sassaƙa a dutsen kabarin Mama, ka ɗaga masa murya har ni da nake madafa ina jiyo ka ta waya. Ka ce tsufa ya fara taɓa shi. Ka ce ina aka taɓa yin haka, matar da ta yi sama da shekara hamsin tana Misis Slater a rubuta mata Edith Calvert, sunanta na gidan ubanta, kamar ba ta taɓa aure ba, kamar mu a bakin hanya aka tsince mu. Sannan ka katse. Desmond, tsohon nan ya daɗe riƙe da wayar a kunne bayan ka tafi. Raina ya ɓaci ƙwarai, da kana kusa sai ka sha ranƙwashi duk da furfurarka. Amma da na huce sai na tuna ba a gabanka aka yi komai ba, jana'iza kawai ka iya zuwa ka koma. Shi ya sa zan ba ka labarin tun daga tushe, kai kuma ka daure ka karanta har ƙarshe kafin ka fara kumfar baki.

Ai ba sai na tuna maka yadda Baba yake ji da sunan nan ba. Sau nawa ya tsayar da mu a kan hanyar coci yana nuna mana rufin gidaje, yana cewa kakannin kakanninmu ne suka riƙa hawa da falalen dutse a kafaɗa suna jerawa? Wai a da can mutum sunansa ɗaya ne tak, sai a haɗa masa da sana'arsa don a bambanta shi da maƙwabcinsa, mai rufi da dutse a ce masa Slater, har sunan ya bi 'ya'ya da jikoki, ko sun gaji sana'ar ko ba su gada ba. Shi kuwa bai gada ba. Motar madara ya ja har ya yi ritaya, ko tsani ba ya iya hawa sai jiri ya ɗebe shi. Mama takan ce kai, ji Slater na ƙarya, rufin ɗakinsa na yoyo sai ya kira ɗan wani gida ya gyara masa. Shi kuma ya rama, ya ce to 'yar masu kiwon maruƙa, tunda abin da Calvert yake nufi ke nan, ai sai ki gode mini da na tsamo ki daga kashin shanu. Ta ce ba don maruƙan ba, da iska zai riƙa ɗauka a motar tasa. Haka muka tashi muna jin su, mu a wurinmu wasa ne.

Da ciwon mantuwa ya ci ƙarfin Mama muka kai ta gidan kula da tsofaffi na can ƙasan kwari, masu aikin suka riƙa kiran ta Misis Slater, kamar yadda kowa yake kiran ta tun kafin a haife mu. Da farko tana amsawa. Wajen ƙarshen hunturu sai ta daina. In an kira, sai ta zabura ta waiga bayanta, ta gyara siket, ta ce maza a kwashe kofunan nan, Misis Slater ta zo. Uwar Baba take nufi, kakarmu, wadda takan shafa yatsa a kan tebur ta duba ƙura. Tsoro ya hana ta ci, ya hana ta shan magani, ta rame har zoben aurenta yana zamewa. Goggo Muriel ce ta je wata rana, haushi ya kama ta, ta daka mata tsawa irin ta malamarsu ta firamare, ta ce Edith Calvert, ɗauki cokalin nan ki daina yi wa mutane iya shege. Wallahi Desmond, sai ga Mama ta miƙe zaune ta cinye kwanon tas, har tana tambaya ko akwai ƙari. Daga ranar aka canza sunan da yake jikin ƙofarta.

Baba da ya ga ƙofar, kai, ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya ce wane mara kunya ne ya sake masa mata ba da saninsa ba. Ya kawo hoton bikinsu ya ajiye mata a cinya, ta duba ta ce amarya kyakkyawa, amma wane ne wannan mai manyan kunnuwan? Ya ce mata ni ne mijinki, Harold. Sai ta ja bargo har wuya, ta ce a fitar da mutumin nan, ita ba ta da miji, kuma babanta yana nan zuwa. Daga nan ya daina zuwa. Ya zauna a madafa, shayi ya huce a gabansa, rediyo na ta surutu shi kaɗai. Na yi lallashi, na yi faɗa, na ce Baba wannan ai gudu ne, matarka ce ko ta san ka ko ba ta san ka ba. Ya ce Hazel, ba ki gane ba. In ita Calvert ce, ai ni ban zo ba tukuna, ke da Desmond ba a haife ku ba, gidan nan ma ba a yi shi ba. Wa zan je in ce mata ni ne? Na shiga mota na yi kukana.

Wata Asabar da safe sai ga wayarsa, wai in zo in goge masa farar rigarsa. Na tarar ya aske gemu har ya yanke kansa, ya goge takalmi, ya yanko furanni a lambu ya naɗe da jarida. Ya ce in kai shi wurin Mama. Da muka je ƙofarta sai ya cire hula, ya ƙwanƙwasa, ya ce barka da rana Mis Calvert, yadda ake kiran budurwa, ko za a ba shi izini ya zauna. Mama ta ƙare masa kallo daga sama har ƙasa, ta ce ɗan gidan wa? Ya ce Slater, Harold Slater. Ta ce au, na saman tudu? Ai babanta ya ce duk cika baki gare su. Amma ta ce ya zauna, sai dai a bar ƙofa a buɗe, kada mutane su yi magana. Na tsaya a baranda ina dariya ina share hawaye, wata mai aiki ta kawo mini kujera.

Haka ya yi ta zuwa zance duk tsawon bazara, kullum da la'asar, da hularsa a hannu. Kullum sai ya sake faɗin sunansa, don kafin gobe ta manta. Tare suke shan shayi, in ya ci sai ta ci. Ta ba shi labarin maruƙan babanta ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, abin da ni 'yarta ban taɓa ji ba. Takan ce da ni, don ni a lokacin mai share ɗaki ta ɗauke ni, wai saurayin nan ba laifi, sai dai kunnuwan. Ban taɓa jin ta kira shi mijinta ba, shi kuma bai sake cewa shi ne ba.

Ana saura kaɗan ta kwanta ciwon ƙarshe, ina zaune a gefe ina ninke mata kaya, sai na ji ya ce Mis Calvert, yana da magana. Ya riƙe hannunta ya tambaye ta ko za ta aure shi. Desmond, na ɗauka za ta yi dariya ko ta kore shi. Sai idonta ya kawo ruwa. Ta ce tana son sa, kada ya yi zaton ba ta so. Amma babanta ba shi da ɗa namiji, daga ita sai Muriel, kuma ran da suka yi aure sunan Calvert ya ƙare a gonar nan ke nan, bayan tun kakan kakanta ake kiran ta gonar Calvert. Ta ce abin yana hana ta barci, kuma ba wanda za ta gaya wa, don za a ce ta cika shirme, kowace mace ai haka take yi. Ta roƙe shi ya bar ta ta ɗan ƙara riƙe sunan, ko zuwa bayan yankan ciyawar dabbobi na bana, sannan ya sake tambaya. Baba ya ce ki riƙe abinki Mis Calvert, ba gaggawa, zan jira.

A mota, da muka kusa gida, sai ya tuno ranar aurensu. Ya ce wancan karon ba wanda ya tambaye ta, shi ma bai tambaya ba, bai ma san akwai abin tambaya ba. An ɗaura aure, ta sa hannu da sunan Calvert karo na ƙarshe, ta fito ƙofar coci kowa yana Misis Slater, shi kuwa sai washe baki yake. Na tambayi Goggo Muriel daga baya, ta ce ƙwarai, safiyar bikin a garken maruƙa aka samo ta tana kuka, uwarsu ta ce kukan amarci ne, aka wanke mata fuska aka wuce.

Ba a gama yankan ciyawa ba ta rasu. Bai samu ya sake tambaya ba.

Yanzu ƙasar kabarin ta kusa zama yadda za a iya kafa dutsen, mai sassaƙa dutse yana jiran mu, kuma Baba ya ce ba zai sa a taɓa dutsen ba sai da yardarka, don kai ma uwarka ce. Ga abin da yake so: Edith Calvert, mahaifiyar Hazel da Desmond, sai a bar fili a ƙasa inda za a sa nasa in lokaci ya yi. Ka ga ba wanda ya share mu. Na ce masa ko a haɗa duka biyun, kowa ya huta. Ya ce a'a. Ta roƙe shi ya jira, ya ce zai jira, ba ta kuma amsa ba tukuna, ba zai ɗora mata sunan ba yanzu da ba ta da bakin cewa komai. Ina roƙon ka don Allah, ƙanena, ka kira shi. In ma ba ka yarda ba, ka faɗa masa a hankali, ƙarfinsa ba kamar da ba ne.

Ka gaishe mini da Noreen da kyau, da Bridget da Alison da ƙaramarsu Josie, ka ce ina jiran hotunan da suka yi mini alkawari. Keith yana gaishe ku, Goggo Muriel ma, ta ce in gaya maka kai sakarai ne amma tana son ka. Baba ya san ina rubuto maka. Na tambaye shi ko yana da saƙo, ya ce in gaya maka bai yi fushi ba. Ya ce Slater yana nan a hannunka, ba wanda zai karɓe maka. Ita dai a bar mata nata.

Allah ya sada mu da alheri.

Yayarka,
Hazel