Banɗakin kasuwa da ɗanwaken Inna

Yaya Rabi,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya zaman Fatakwal? Mu nan lafiya lau.

An gina banɗaki a kasuwarmu, inda Inna take sayar da ɗanwake, har da famfo. Da can baƙi ba sa taɓa ɗanwaken Inna, don tsoron ciki ya murɗa babu wurin tsugunawa, har ta ce za ta daina. Yanzu layi ake! Wani Alhaji mai shanu ya share kwano yana cewa, "Ƙaro, Hajiya, yau ba na tsoron komai." Inna har ta ɗauki mata biyu aiki. Kullum sai ta sa wa magina albarka kafin ta tuna da mu.

Ki gaida maigidan. Ki taya mu addu'a kada famfon nan ya lalace.

Ƙanwarki,
Hadiza