Ɗana Yana Zaga Duniya, Ni Ina Ta Azumi

Assalamu alaikum Hajiya Yalwa. Don Allah ki agaza mini da shawara, abin nan ko aminiyata na kasa faɗa wa.

Ni uwa ce a Unguwar Rimi, karatuna na allo ne da ɗan abin da ya sawwaƙa na littattafai. Autana Sharhabil aikin kwamfuta yake yi, yana haɗa manhajar da 'yan Babbar Kasuwa ke tallar kaya da ita a waya. Har ofis ya buɗe da ma'aikata huɗu. Bana sai ya mayar wa mai ginin ofishin mabuɗinsa, ya ce kowa ya yi aiki daga ɗakinsa, shi duniya zai zaga da jaka ɗaya a baya. Wai duk inda akwai sabis da wurin caji, nan ne ofis.

Ban hana shi ba, yaro ne mai biyayya. Matsalar daga gare ni take. Shekara goma sha biyu ke nan, ranar da zai fara tafiya makaranta Zariya, hankalina ya tashi, na yi bakance tsakanina da Ubangijina cewa duk ranar da yaron nan ya kama hanyar barin gari zan yi azumi. Lokacin bai fi sau shida a shekara ba. Ban ce "har ya gama karatu" ba, Hajiya. Na yi tunanin duniya, wallahi ban faɗa ba.

To yanzu Litinin yana Jos, Laraba Legas, Asabar sai ga hoto daga Kigali yana shan shayi a kan tsauni. Watan jiya azumi goma sha tara na yi. Rannan jirgi uku ya hau a yini guda, na rasa azumi ɗaya ne a kaina ko uku, na yi ukun don fita kokwanto. Kuma ba ya faɗa da wuri. Sai na ci ɗumame na ƙoshi saƙo zai shigo wai yana tasha, ga ramuwa ta hau ni.

A bikin 'yar maƙwabciyata Harira, waina da miyar taushe aka ajiye mini, na zauna ina kallo. Matan layinmu sun fara cewa na zama waliyyiya, har ruwa ake kawowa in yi tofi, ni kuwa tsoron riya nake ji. Zannuwana duk sun yi mini yawa. Shi ko in ya kira a bidiyo sai ya yaba wai na rage ƙiba.

Na kasa gaya masa, don na san zai ajiye jakar ya zauna, ya koma yin fuskar nan da yake yi a ofis kamar wanda aka ɗaure. Ga shi yana maganar tafiyar wata shida a jere. Yaya zan yi?

Uwar Matafiyi, Unguwar Rimi

Wa alaikumus salam, 'yar uwa.

Na yi dariya, sannan na tausaya miki. Riƙon alkawarinki abin yabo ne, amma azumi uku a kan yini ɗaya ke kika ƙara wa kanki.

Fatawa ba tawa ba ce. Cikin makon nan ki je wurin malamin da kika yarda da iliminsa, ki faɗa masa lafazin da kika yi da abin da ke ranki a ranar. Malamai suna da bayani a kan bakancen da ya zama wahala, kada ki yanke wa kanki hukunci ke kaɗai.

Sharhabil bai yi laifi ba. Sana'arsa halal ce, kuma ganin ƙasar Allah ba aibi ba ne. Amma ki gaya masa. Babba ne, ya kamata ya san duk tikitin da ya yanka abincin ranarki yake yankewa. Ba ajiye jaka za ki nema ba. Ya riƙa ba ki jadawalin tafiyarsa tun mako guda kafin ya tashi, in ya sauka a gari ya yi wata guda, ya daina tsalle-tsalle, sallah biyu kuma a gida. Wanda ya iya tsara wa 'yan kasuwa manhaja ba zai kasa wannan ba.

Matan layi kuwa, ki faɗa musu gaskiya, masu kawo ruwa za su ragu da kansu.

Allah ya tsare shi a duk inda ya sa ƙafa, ke kuma ya mayar miki da kumatunki.

Hajiya Yalwa