Kayen da Kuka Ƙona

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Ni ce Ummul Kulsum, wadda mutanen Gure suka sani da Madam Kulu, tsohuwar malamar lakkwal, wato makarantar boko. Na rubuta wannan da hannuna, da hantsin Talata, hankalina a jikina, ba zazzaɓi, ba gigin tsufa. Na jaddada haka ne don a gidan nan an taɓa yanke mini hukunci ba a tambaye ni ba. Zuwa gare ku ƴaƴana uku, Zulkiflu, Huda da Yahya. Likita bai ɓoye mini halin da zuciyata ke ciki ba, ni ma ba zan ɓoye muku ba, tafiya ta matso. Kada a jira mutuwata kafin a karanta takardar nan. Yahya ya tara ku ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ya karanta da ƙarfi, ina daga ɗaki ina ji.

Na ɗaya. Gida, gonar Gidigir, dabinon da ke cikin kwari da awaki, a kira malamai su raba yadda shari'a ta ce. Ba don su na ɗauki bik nake wannan rubutu ba.

Na biyu. A akwatin ƙarfe da ke ƙarƙashin gadona akwai kaye shida na zane-zanena, irin littattafan rubutun nan na ƴan makaranta. Da can bakwai ne. Na ba Huda su kyauta tun ina da rai, gaban shaidu biyu, saboda haka ba sa cikin gado, kuma ba wanda ke da ikon ɗaga murfin akwatin nan sai da izininta.

Tunda ba wanda ya taɓa zama ya tambaye ni abin da nake yi da su, bari in gaya muku. Lokacin da nake takabar mahaifinku, wata huɗu da kwana goma ina zaune a ɗaki, masu gaisuwa sun watse, carbi ya gaji da ni. Wata rana ina kakkaɓe kaya na ci karo da wani kaye da ya rage tun ina aiki, da guntayen kireyon, fensiran nan masu launi, da yara suka bari. Shekara talatin da ɗaya ina zana jaki da zangarniyar hatsi a allo don ƴaƴan mutane, a Bune, a Gamu, a nan Gure, ban taɓa zana komai don kaina ba. Sai na dubi butar mahaifinku na zana ta. Ta fito kamar zabuwa mai shirin ƙwai. Na yi dariya ni kaɗai, kuma ita ce dariyata ta farko tun ranar da aka fita da shi.

Daga nan kullum shafi ɗaya, da hantsi, kafin rana ta yi zafi. Da kireyon ya ƙare na koma ga abin da ke cikin gida: lalle, shuni, ruwan zoɓo, baƙin gindin tukunya, jar ƙasa. Na jiƙa ƙaro na riƙa manna abubuwa a takarda, gashin zabo, ganyen dabino, yashin tudun nan da ke cin gonarmu kowace shekara. A kaye na bakwai na shiga zana mutane. Duk wanda nake ƙauna na ba shi shafinsa: fuskarsa, ɗan ƙyalle daga tufarsa da na roƙa wajen tela, da kwanan wata. Iyakar abin ke nan.

Bara ina kwance ina jinya a lopital a Damagaram kwana goma sha biyu, Balkisa matar Zulkiflu ta yi ɓari na biyu. Aka fara cewa da hannu a ciki. Aka buɗe akwatina. Aka ga fuskar Balkisa, ga ƙyallen zanenta manne a gefe, ga kwanan wata. Aka naɗe kayen a tsumma aka kai wa wani mutum da ko sunansa ba zan ɓata takardata da shi ba, ya duba ya ce asiri ne, a ƙona. Kai Zulkiflu, da rana tsaka, a bayan gidan da na haife ka, ka zuba masa kananzir ka ƙyasta ashana.

Ni? Ni da na dafa wa Balkisa ruwan wankan jego kwana arba'in lokacin haihuwar jikata Habsu, har hayaƙi ya ɓata mini ido? Kwanan watan da kuka gani, ranar ce ta zo ta durƙusa ta raɗa mini cewa ta samu ciki, na rasa inda zan sa murnata sai a takarda. A ƙasan fuskarta na rubuta addu'ar Allah ya sauke ta lafiya, da bik, da manyan baƙaƙe. Ni na koya maka karatu, Zulkiflu, a kan cinyata ka gane harafin farko. Layi ɗaya ne tak. Ka ɗauki kayen uwarka ka ratsa gari da shi zuwa wajen baƙo, ba ka tsaya ka karanta layi ɗaya ba. Ga salula a aljihunka, ba ka kira ni ba. Na dawo daga jinya ina jan ƙafa, na tarar maƙwabta na janye yaransu daga ƙofata. Wallahi ban taɓa jin zafin abu kamar wannan ba, har da mutuwar mahaifinku, don shi Allah ne ya karɓi abinsa.

Kai kuma Yahya, ka ce ba ka sa hannu ba. Gaskiya ne. Kana tsaye a wurin dai, kuma da bakinka.

Na uku. Balkisa ba ta da laifi a wurina. Matar da ta rasa ciki biyu duk abin da aka gaya mata za ta kama. A kai ta lopital a duba ta kamar yadda Huda ta daɗe tana faɗa, ita ce ungozoma, ta san abin da take magana a kai. Mayafina shuɗi na Balkisa ne, na ba ta. Wanda ya goranta mata wannan magana bayan raina ban yafe masa ba.

Na huɗu. Na ji yanzu an sauya zance, wai ai dama zana mai rai babu kyau. Idan laifi ne, tsakanina ne da Ubangijina, kuma ina neman gafararsa a kan wanda na sani da wanda ban sani ba. Zulkiflu, da ka zo ka zauna ka gaya mini haka a matsayinka na ɗa, da na saurare ka. Amma ba don wannan ka kunna wuta ba, kada ka raina mini hankali sau biyu. Ka kunna ne don ka yarda uwarka tana kashe jikokinta.

Na biyar. Wannan shi ne ban taɓa gaya wa kowa ba, ko Huda. Mutane na ɗauka Zulkiflu ne ɗan farina. Kun san akwai wata kafin shi, kun ji a bakin dangi, ba ku taɓa ji a bakina ba. Sunanta Mairamu. Yau ne karon farko da na rubuta shi. Saboda kunyar ƴar fari ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa yi mata wasa gaban mutane ba, in ta rarrafo wurina sai in kau da kai don kada a ce ba ni da kunya. Ƙyanda ta ɗauke ta a Bune tana da shekara biyu da rabi. Ko kuka ban yi a fili ba, aka yi ta yabona wai na iya haƙuri. Ba ta da hoto ko ɗaya.

Wata biyar na yi ina neman fuskarta a kayen nan na bakwai. In zana in goge, in zana in goge, har takarda ta huje in sake shafi. Goshin ya zo, sai kunnen da ya ɗan lanƙwashe, sai bakin. Ranar da idon ya zauna daidai na rufe ƙofa na dube ta son raina, abin da ban yi ba tana raye. Gefenta na manna guntun zanen goyonta da na ɓoye shekara arba'in da huɗu. Shi ke nan abin da nake da shi nata, kuma yana shafi na uku bayan na Balkisa. Na gwada sake zana ta ya fi sau ashirin. Fuskar ta ƙi dawowa.

Na shida. Huda, wata takwas ke nan ba ki yi wa yayanki magana ba. Na san zuciyata kika ɗauko, kuma na gode da kika tsaya mini ranar da kowa ya sunkuyar da kai. Amma ya isa. Ni aka yi wa, ni ke da ikon riƙewa, kuma ni na ce ki saki. Ki je gidansa ki ci abincin Balkisa. In yara sun nemi ganin kayen, ki buɗe musu, ki ba su takarda da kireyon, kada ki yi musu dariya ko da butarsu ta fito kamar zabuwa.

Allah ya yi muku albarka ku uku, ya albarkaci zuriyarku, ya ba Balkisa mai ɗorewa. Ku riƙe juna. In ɗayanku ya ji wata magana a kan ɗan'uwansa, ya taka ya je ya tambaye shi kafin ya tambayi kowa. Kada gidan nan ya watse a kan toka.

Na ƙarshe naka ne, Zulkiflu. Tun da na dawo, daga bakin ƙofa kake gaishe ni, kanka a ƙasa, ka aiko da nama, ka aiko da magani. Ba na son naman. Har yanzu ina fushi da kai, kuma ba na so in je kabari da shi, kai ma ba za ka iya ɗaukarsa bayan raina ba. Idan Yahya ya gama karatu, ka tuɓe takalminka ka shigo, ka zauna inda haske ke faɗowa ta taga, ka ɗaga kai in dube ka. Duk cikinku kai kaɗai ka ɗauko idon Mairamu.