Fatiha Ba Ta Yi Bankwana da Inna Ba

Gwandu, Jihar Kebbi.

Zuwa ga ƙanena Abdulrasheed,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya a can Fatakwal. Ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta, ya haskaka kabarinta, idan tamu ta zo ya sa mu cika da imani. Mu nan lafiya lau, sai kewa. Masu zuwa gaisuwa sun ragu, 'yan'uwanmu na Dalijan sun koma saboda aikin gona, matarka Sa'adiyya ma ta koma Kalgo da ƙananan yara. Gidan ya yi mana faɗi. Har yanzu in na dama fura sai na zuba a ƙwaryar Inna kafin in tuna babu mai sha.

Na zaɓi in rubuto maka ne domin a waya kullum kana sauri, ni kuma kuka yake cin ƙarfina. Magana ce a kan ɗiyarka Fatiha. An ɓoye maka abin da ya faru ranar rasuwa don kada a haɗa maka zafi biyu, ga rashin uwa, ga nisan da ya hana ka samun jana'iza. Amma kai ne ubanta, dole ka sani.

Ka tuna da dogon hutun da ya wuce, da ta je Kalgo wurin uwarta? A can ne 'yan matan gidan suke kai waya wurin masu tura fina-finai a kasuwa, a cika musu ita da fina-finan ban tsoro na ƙasashen waje, waɗanda aka fassara da Hausa. Da ta dawo na leƙa wani da take kallo, na ga mace a naɗe cikin likkafani irin namu sak, an ɗaure kai an ɗaure ƙafa, ta fito daga kabari tana bin gidan 'ya'yanta. Na kira ka a ranar. Dariya ka yi, ka ce na cika tsoro, ai wasa ne kawai da kwalliya, gara ta zauna gida tana kallo da ta fita yawo. Ka ce mu ma an ba mu labarin Dodo muna yara kuma ba abin da ya same mu. Sa'adiyya ta bi bayanka, ta ce yaran yanzu idonsu a buɗe yake. Yarinya 'yar shekara goma sha uku, Abdulrasheed.

Ka fi kowa sanin yadda Fatiha take da Inna. Tun da aka yaye ta take ɗakinta. Ita ke yanke mata farce, ita ke zura mata zare a allura, ita kaɗai Inna ke yarda ta shafa mata man zafi a gwiwa. Ko a ciwon nan na ƙarshe, in ba Fatiha ce ta miƙa kunu ba, Inna sai ta kau da kai.

Da hantsi Allah ya karɓi abinsa. Ni da Goggo Halimatusa'adiya muka yi mata wanka, muka sa mata likkafani. Ka san yadda muke yi: kafin maza su shigo da makara, sai a kira na cikin gida su shigo ɗaya bayan ɗaya, kowa ya durƙusa ya yi mata addu'a, ya ce ya yafe mata. Mu mata iyakarmu ke nan, ba mu zuwa maƙabarta. Da kaina na je na kamo hannun Fatiha, tana kuka irin na kowa. Muna ɗaga labule ta ga farin ƙyallen nan da ɗaurinsa, sai na ji hannunta ya sandare a cikin nawa. Ta ƙwalla ƙara tana cewa Inna za ta tashi, za ta tashi, a riƙe ta kada ta tashi. Ta fizge ta fita a guje, ko mayafi babu, ta ratsa ta cikin mazan da ke zaune a ƙofar gida, ta faɗa gidan Malam Adamu maƙwabcinmu ta shige bayan rumbu. Na bi ta, na roƙe ta, na ce Innarki ce fa, ba wata ba. Ta toshe kunnuwa. Liman yana jira, gawa kuma ba a ajiye ta don wani. Haka aka fita da Inna, jikar da ta fi so duk duniya ba ta ce mata komai ba.

Mata suka yi ta surutu, wasu na cewa iska ce ta taɓa ta, a nemo mai ruƙiyya. Na bar su da bakinsu. Ni na san abin da ta gani, don na taɓa ganinsa a wayarta.

Yanzu ba ta shiga ɗakin Inna, ko wucewa ta ƙofar za ta yi sai ta zagaya ta bayan madafa. Ta rame, ba ta cin abin kirki. Abin da ya fi karya mini zuciya shi ne wanda ta gaya mini muna tsintar shinkafa. Ta ce tana son ta tuna fuskar Inna tana dariya, amma duk sanda ta rufe ido sai fuskar matar fim ɗin nan ta zo a madadinta. Tana kewar Inna, tana kuma tsoron Inna, ba ta san inda za ta sa kanta ba. Wallahi na yi kuka ranar fiye da ranar rasuwa.

Ba na ce duk yaron da ya kalla haka zai zama ba. Jummai ta gidan Kawu Lawal tare suka kalla, ita dariya ma take yi. Amma wa ya isa ya san wane yaro ne zai ɗauka kafin abin ya faru? Batun Dodo kuma da ka kawo, ka manta wa ke ba mu labarin. Inna ce, muna jingine da ƙafarta, in ta ga idonka ya raina fata sai ta sauya murya ta sa mu dariya. Kuma Dodo bai taɓa sa likkafani ba. Waɗannan mutane sun ɗauki tufar da kowannenmu zai sa, wadda ya kamata yaro ya fara gani a jikin wanda yake ƙauna, da manya a gefensa suna addu'a, sun mai da ita abin firgita. Fatiha ta riga ta gan ta a can kafin ta gan ta a nan.

Ina roƙonka abu biyu. Ka yi wa Sa'adiyya magana a kan ƙannen Fatiha, a san abin da ake tura musu a waya, tun da su ma sun fara leƙe. Sannan ka nemi izini a wurin aiki ka zo gida, ko Sallah ba ta zo ba. Jiya Fatiha ta ce ta ji a Islamiyya cewa mamaci yana jin takun masu raka shi. Sai ta tambaye ni ko Inna ta ji lokacin da take ihu a riƙe ta, ko ta tafi tana zaton gudunta ta yi. Kai da ka ce wasa ne kawai, ka zo ka amsa mata, ni na kasa.

Goggo Halimatusa'adiya tana gaishe ka, haka Kawu Lawal da Malam Adamu da mutanenmu na Maruda. Ka gaishe mini da abokinka Ubaidullahi, ka ce mun ga saƙon ta'aziyyarsa, Allah ya ba da lada. Na tambayi Fatiha ko tana da saƙo, ta ce in gaya maka ta daina kallo, ba kuma wanda ya hana ta.

Allah ya kawo ka lafiya.

Yayarka,
Salamatu.