Inna, Ranar da Mijinki Ya Rama

Zuwa ga mahaifiyata Inna, wadda ke kwance a Yawuri.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa irin ta ɗa da uwa, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, amin. Ni ne Garba, ɗanki na Girinsboro a ƙasar Turawa, wanda kaf jihar nan ba a haifi direba kamarsa ba. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san ni da boko gaisuwar nesa ce tsakaninmu. Matata Rabi tace in bari ta gyara kafin in sa a zauren 'yan gida na intanet, nace a'a, uwata ko a duhu ta san takuna.

Abin da ya zaunar da ni, jiya wani ɗan garinmu ya dawo daga gida, ya kawo saƙon ƙanwata Laraba a leda. Na buɗe, sai ga kifin nan na tsumma. Ya yi baƙi, yana ƙanshin hayaƙin banda. Tun jiya nake Atlanta, Inna, ko da yake jikina yana titin High Point.

Kin tuna ranar da kika sauka ƙasar nan? Kika fito daga jirgi, kika tsallake ni, ni da na sha shadda, kika tsaya a kan ɗana Abba, mai sunan marigayi Baba. Lokacin yana ɗan shekara takwas. Kika dube shi sama da ƙasa kikace: "Wannan ne mijin nawa? Kai kamar tulu, ƙafa kamar sillen kara. An cuce ni." Ni da Rabi har da riƙe ciki. Yaro ya tambayi uwarsa da Turanci me kikace, ita kuma baiwar Allah ta fassara masa tas, ko tulun ba ta rage ba.

Daga nan kullum safiya: "Maigida, ina cefane? Ragon miji, daga ci sai talabijin." Shi kuma ya cika kumatu ya shige ɗaki, ke kuma ki bi shi da sunan kifin nan mai cika ciki da iska, "talibambam ya kumbura." Kina jiran ya juyo ya ce miki tsohuwa mai ran ƙarfe, kamar yadda kowane jika yake yi a Yawuri. Shi kuwa an haife shi a inda in ka ce wa yaro mai ƙaton kai sai an yi mitin.

An kuwa yi mitin ɗin. Malamarsu ta kira ni makaranta, wai yaro yace akwai tsohuwa a gida da ba ta sonsa, kullum zagi. Na sa kwat, na kwashi Turancina wanda Bature ma sai ya gyara zama in zai saurara, na yi mata bayani cewa a garinmu in kaka ta zagi jika, so ne ya yi yawa. Ta dube ni kamar nace mata muna wanka da yaji.

Da na dawo nace ki ɗan rage. Ke kuma ba ki iya ragi ba, sai kika daina gaba ɗaya. Kika koma ce masa "sannu yaro," kamar ɗan da aka aiko karɓar wuta. Gida ya yi tsit. Ni da ko gidan makoki na shiga sai wani ya danne dariya, na kasa haɗa uwata da ɗana a kan wasa guda.

Wata rana kina tsaye a taga kina kallon motocin makaranta masu ruwan ɗorawa, kikace, ba ma da ni kike ba: "Jikan da bai taɓa rama maka ba ai ɗan maƙwabta ne. Zan koma ban bar kowa a ƙasar nan ba." Na yi kamar ban ji ba. Na ji, Inna. Kuma na san shekarunki, na san ba lallai ki sake hawa jirgi ba.

To jirginki daga Atlanta zai tashi, sai nace mu tafi ana gobe, in nuna miki birni na gaske, ba Girinsboro ba da kikace daji ne aka sa wa lantarki. Na aro mota mai kujera bakwai a filin motocin da nake aiki. Muna idar da asuba muka hau hanya, Rabi ta cika kula da dambu da soyayyen kifi. Tace in ɗauki taswira, nace taswira ai a wurina take tambayar hanya.

Muna shiga Atlanta titi ya rabu kamar bakin tsintsiya. Wani gini mai hular zinariya muka yi ta wucewa muna dawowa, nace ina nuna miki shi ne ta kowane ɓangare. Kikace: "Garba, akuyar da ke ɗaure a turke ma ba ta kai ka sanin wuri ɗaya ba." Na leƙa madubi ko Abba zai yi dariya. Yana can kujerar ƙarshe, hanci a jikin gilashi.

Na kai ki ƙarƙashin dogayen benayen nan, na ɗaga kai har hulata ta faɗi, ina jiran kice ikon Allah. Sai kikace: "Wanda ke can sama, in aka yi rasuwa a ƙasa, yaushe zai ji?" Sai yanzu na san amsar, Inna. Ta waya yake ji, bayan an dawo daga maƙabarta.

Daga nan muka nufi gidan da ake kallon kifaye masu rai a cikin gilashi. Ba a shiga da abinci, sai muka shimfiɗa darduma a bayan mota inda ake fakin. Na ga lokacin da kika zare ƙaya daga tsokar tsakiya, kika tura gaban Abba. Na kuma ga lokacin da ya miƙa hannu kwanon uwarsa. Dambun nan bai wuce min ba.

Da muka shiga kuwa, sai mai bandar kifi ta tashi a jikinki. Kina bin gilashi kina girgiza kai: "Duk wannan kifi, ba mai gishiri, ba mai itace?" Da wani ya gifta mai girman tirela kikace wannan kafin ya bandu sai an sare dajin ƙasar Yawuri. Na ɗauka ranar ta gyaru.

Sai muka zo wata hanya da aka yi ta gilashi, kamar rami, ruwa ta dama, ruwa ta hagu, ruwa a kan mutum. Nan kika tsaya cak. Kika damƙe mayafi, leɓenki yana motsi. Ni da sakarcina na manta. Tun ranar da kogi ya kife da jirgin Baba ba ki sake taka kwale-kwale ba, kin tsufa kina sayar da kifi amma ko ƙafa ba kya wankewa a bakin ruwa. Ga shi ɗanki mai wayo ya kawo ki ƙarƙashin ruwa yawon buɗe ido.

Mutane suka taru a bayanmu. Na miƙa miki hannu, ba ki ma ganni ba. Ni ma dai wani kifi mai haƙora ya bi ta saman kaina, na ɗan durƙusa ina ɗaure igiyar takalmi, Rabi har yau tana cewa silifa ne a ƙafata. Tunda dai na riga na durƙusa, sai na sami kaina daidai tsawon Abba. Ina jin ranar ce farkon da na yi wa yaron nan magana ba wasa a ciki. Ina haɗa Hausa da Turanci nace masa ruwa ne ya ɗauke wa kakarsa miji, kuma sunan mutumin ne a kansa. Nace tun da ya tafi ba ta sake samun wanda za ta ce wa ragon miji ba, sai da aka haife ka.

Ya daɗe yana kallonki. Sai ya je ya kama 'yan yatsunki biyu. Kika rufe ido, ya ja ki a hankali kamar mai jan jirgi zuwa gaɓa, har kuka fita ta wancan bakin. Ba ki saki hannun ba, shi ma bai zare ba.

Can gaba akwai wani tsohon kifi zaune a ƙasan ruwa, leɓe ya zazzago, baki a buɗe, fuska a murtuke kamar an hana shi bashi. Abba ya tsaya. Ya dubi kifi, ya dube ki. Sai ya nuna da yatsa, da Hausarsa mai ɗingishi yace: "Inna, kai ne wannan. Ba haƙori."

Rabi ta zaro ido za ta kwaɓe shi. Kafin ta buɗe baki kika rangaɗa guɗa, Inna, guɗa a tsakiyar Atlanta! Turawa suka watse, mai gadi ya taho a guje, nace masa ya kwantar da hankali, biki ne. Ke kuwa kina share ido da bakin mayafi kina cewa: "Ni ce ba haƙori? Zo nan mai kan tulu, yau za a yi ta."

Daga nan ba ku bar gilashi ko ɗaya ba sai da kika nemo masa talibambam, kika nuna masa ɗan'uwansa. Ya tsaya a gefen gilashin ya cika kumatu, wallahi kamar an tsaga kara. Kuka wuni kuna yi, ke da Hausa shi da Turanci da guntun abin da ya tsinta, ba wanda ya nemi tafinta. Ni da na zo nuna gari na koma mai riƙe jaka.

A shagon bakin ƙofa ya kafe sai an ɗaukar masa kifin tsumma. Na zata nasa ne. Ya kawo ya dangwara miki a cinya yace: "Cefane." Kika juya shi gaba da baya kikace: "Kifin tsumma! Allah ya haɗa ni da matsiyacin miji." Amma ina kallo kika sa shi a jakar da fasfo yake.

Washegari a filin jirgi ba ni kika waiwaya ba, kuma ban ji haushi ba. Bayan nan duk Lahadi in na kankare katin waya, ko gaisuwata ba kya bari ta ƙare: "Ba ni ragon." Haka har ciwo ya kwantar da ke.

Laraba tace kifin yana rataye a ƙusa ɗaya da carbinki, duk wanda ya shigo dubiya sai kin nuna masa. Tace ana saura kwanaki ki cika, kika sa ta sauko da shi, kikace a mayar wa maigida, a ce masa kin yafe sauran cefanen.

Jiya da Abba ya dawo daga makaranta na ba shi, na faɗa masa saƙon yadda kika faɗa. Ya yi tsawo yanzu, ya kusa kafaɗata, kan ne dai yana nan yadda kika bar shi. Ya karɓa, ya kai hanci ya shaƙi hayaƙin. Sai yace, da Hausa tsaf: "Raguwar mata. Ko dafawa ba ta yi ba." Ya shige ɗaki ya tura ƙofa. Ban bi shi ba. Ni ma na fita duba tayar mota, tayar da ba abin da ya same ta.

To kin ji, Inna, kin bar wani a ƙasar nan. Kuma na yi alkawari in Allah ya nuna min nawa jikokin, sai na zage su tas tun daga zanin goyo, malamar makaranta ta kira duk wanda za ta kira.

Allah ya jiƙanki, ya haskaka kabarinki, ya yafe miki kurakuranki. Allah ya haɗa ki da Baba a inda ruwa ba ya cin kowa. Allah ya raya miki ragon mijinki, ya sa ya riƙa aiko miki da addu'a, tunda ita ce cefanen da ke isa can.

Ni ne ɗanki, mai yawan surutu,
Garba