Gadon da Muka Bari a Damagaram

Sabangali, Injamena.

Zuwa ga Yaya Zakariya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, yaya ƙafar Inna, yaya yara? Mu nan alhamdulillahi. Ɗinki yana tafiya, sai dai idona ya fara ƙin ganin kafar allura. Kada Inna ta ji.

Saƙonka ya iso, cewa za a raba gidan Baba, har wani yana son sayen ɗakin da zai faɗo mini. Ina cikin gaya wa Rahmatu, sai 'yarmu Hamdiyya ta tsinci kalmar gado. Ka san Larabcin garin nan ya fi zama a bakinta. Ta ce, "Baba, ashe muna da gado a Damagaram, muke kwana a tabarma?"

Uwarta ta yi dariya, ni na kasa. Tabarmar dai saboda zafi ce, kada ka damu.

Na ce mata wancan na kwanciya ne, wannan kuwa abin da iyaye suka bari. Na kawo al'ada, na kawo gargajiya, ta ce in faɗa mata da Faransanci. Na gaji, na koma kan ɗinkina.

Yaya, don Allah kada a sayar da ɗakin. In an yi hutun makaranta zan turo Hamdiyya wurin Inna. Ka sa mata gado a ciki. In ta kwana a kan ɗaya, wataƙila ta gane ɗayan.

Allah Ya jiƙan Baba.

Ƙanenka,
Sule